Gilashi ɗaya ya bambanta da sauran a sabuwar motata, in mayar da ita?

Assalamu alaikum. Sati biyu ke nan da na ɗauko sabuwar mota a leda daga wurin wani dila a Abuja, an ce mini ƙirar 2024 ce. Da na iso Zariya, wani abokina da ke harkar motoci ya zagaya ta, ya nuna mini wata ƙaramar lamba da ɗige-ɗige a kusurwar kowane gilashi. A gilashin gaba da na baya da na ƙofofin baya biyu, 3 ce da ɗigo huɗu a damanta. A ƙofar direba, 3 da ɗigo uku a dama. A ƙananan gilasan nan na gefen baya masu kusurwa uku, ɗigo biyu ne a hagu sannan 3. Gilashin ƙofar mai zaman banza ne kaɗai ke da 4, da ɗigo huɗu a hagunta. A takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba kuma an rubuta 11/23. Abokina ya ce gilashi ɗaya ne kawai na 2024, sauran duk tsofaffi ne, don haka ko dai tsohuwar mota aka yi wa kwaskwarima aka sayar mini, ko kuma ta taɓa faɗuwa. Na daɗe ina tara kuɗin motar nan, yanzu ko barcin kirki ba na yi. Ku ba ni shawara.

Daga wani mai karatu a Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ka kwantar da hankalinka tukuna, domin abin da ka rubuto bai nuna tsohuwar mota ba, bai kuma nuna motar da ta faɗi ba. Abokinka ya kyauta da ya nuna maka inda ake dubawa, sai dai ya karanta abin a juye. Gilasan nan masu 3 su ne motar ta fito da su daga masana'anta. Mai 4 ɗin nan da ya ce shi kaɗai ne daidai, shi ne baƙo a cikinsu, kuma a kansa za ka koma wa dila.

Ga yadda ake karatun. Lambar ita ce ƙarshen shekara: 3 tana nufin 2023, 4 kuma 2024. Ɗige-ɗigen su ne wata, amma a baibai ake ƙirga su. Idan suna hagun lamba, an yi gilashin ne a rabin farko na shekara, sai ka ɗebe yawansu daga 7. Ɗigo shida a hagu Janairu ke nan, biyar Fabrairu, a haka har zuwa ɗigo ɗaya, wato Yuni. Idan suna dama, rabin ƙarshe ne, sai ka ɗebe daga 13: ɗigo shida Yuli, ɗigo ɗaya Disamba. Abin da ya kawo wannan ƙirga ta baibai shi ne, ta kan wani allo mai huje-huje ake buga tambarin da ke ɗauke da lambar a jikin gilashi, kuma toshe ɗigo ɗaya a allon duk wata ya fi sauƙi a kan yin sabon allo.

To, ɗauki naka. Gilashin gaba da na baya da na ƙofofin baya, 13 a ɗebe 4, saura 9, Satumba 2023. Ƙofar direba, 13 a ɗebe 3, Oktoba 2023. Ƙananan na gefe, 7 a ɗebe 2, Mayu 2023. Ƙofar mai zaman banza, 7 a ɗebe 4, Maris 2024. Takardar ginshiƙin ƙofa kuwa ta ce a watan Nuwamba 2023 aka gama haɗa motar. Dole ne kowane gilashi na asali ya girmi motar, domin sai an yi shi a wata masana'anta daban, an loda shi, an kai shi inda ake haɗa motoci, sannan a ɗaura. Gilashin da aka yi a Satumba ya hau motar da aka haɗa a Nuwamba, wannan shi ne daidai. Gilashin da aka yi a Maris, wata huɗu bayan motar ta bar masana'anta, ba yadda za a yi a ce da shi ta fito. Ko da an ce kamfanin da ya yi gilashinka da wata hanya yake ƙirga wata, lambar shekarar kaɗai ta wadatar: duk watan da ka zaɓa a 2024 ya zo ne bayan Nuwamba 2023.

Batun 2023 da 2024 kuma, a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Shekarar ƙira daban, ranar haɗa mota daban. Kamfanoni sukan fara haɗa ƙirar shekara mai zuwa tun daga tsakiyar shekarar da ake ciki, musamman motocin da ake yi wa kasuwar Amurka, don haka motar da aka haɗa a Nuwamba 2023 aka kira ta ƙirar 2024 ba ta saɓa wa komai ba. Kana iya tabbatarwa da kanka. Ka leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, za ka ga lambar shasi mai harufa da lambobi 17. Ka ƙirga zuwa na goma. A motocin kasuwar Amurka da wasu da dama, P tana nufin ƙirar 2023, R ƙirar 2024, S ƙirar 2025. Babu Q a tsakani, domin ba a amfani da I da O da Q a lambar shasi, gudun kada a ɗauke su 1 ko 0. In ka ga R, dila bai yi maka ƙarya a kan shekarar ƙira ba. In P ka gani, sai ka haɗa wannan ma cikin ƙorafinka, domin bambancin shekara ɗaya kuɗi ne, yanzu da kuma ranar da za ka sayar.

Saɓanin watanni tsakanin gilasan asali ba abin damuwa ba ne. Ba a rana ɗaya ake yin su ba, sau da yawa ma ba a layi ɗaya ba, domin ba iri ɗaya ba ne. Gilashin gaba falle biyu ne, kowanne wajen milimita 2, an manne su da wata leda mai kaurin milimita 0.76 a tsakiya, shi ya sa in dutse ya same shi yake tsagewa ya tsaya a wurinsa. Na ƙofa kuwa falle ɗaya ne da aka gasa a zafin da ya haura digiri 600 aka sanyaya shi nan take da iska, shi ya sa in ya fashe yake rugurgujewa kamar tsakuwa. Ƙananan na gefe su ne suka fi daɗewa a sito, saboda da yawa ake buga su a lokaci guda a ajiye. Wata shida tsakaninsu da motar, kamar naka na Mayu, abu ne da ake gani kullum. Da a ce wani gilashin ya girmi motar da shekara biyu ko uku ne, da sai mu ce a bincika ko na wata motar aka ciro.

Yanzu sai baƙon gilashin. Abin da ya tabbata shi ne an canja shi bayan motar ta bar masana'anta. Dalilin canjin kuwa, tambarin ba zai faɗa maka ba. Sabuwar mota takan yi doguwar tafiya kafin ta iso hannun mai ita: filin ajiya, jirgin ruwa, tashar Tin Can ko Apapa ko Kwatano, sannan bayan tirela zuwa Abuja. A hanyar nan gilashin ƙofa kan fashe saboda sarƙar ɗauri ta dake shi, ko dutse ya tashi, ko ɓarawo ya fasa don ya ɗauki abin da ke ciki, ko an kulle makulli a ciki wani mai gaggawa ya ga fasawa ta fi sauƙi. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne in an gyara da kyau. Wanda ake gudu shi ne a ce ƙofar ce aka daka, gilashin ya tafi tare da ita, aka buge ta aka shafe da fenti. Bincikenka duka a kan rarrabe waɗannan biyun zai tsaya, kuma rabinsa kai da kanka za ka yi da fitilar wayarka.

Ka fara da tambarin. Ka ɗauki hoton na ƙofar direba da na ƙofar mai zaman banza, ka jera su ka kwatanta layi-layi. Gilashin gaba da na ƙofa suna iya fitowa daga kamfanoni biyu tun daga masana'anta, amma ƙofar hagu da ta dama tagwaye ne, ya kamata komai nasu ya zo ɗaya in ban da wata. A sama akwai alamar kamfanin motar. In tana kan na direba babu ita a ɗayan, gilashin kasuwa aka sa maka, ba na kamfani ba. Sai sunan wanda ya yi gilashin, irin su AGC, Pilkington, Saint-Gobain Sekurit, Fuyao ko Xinyi. Ko ba a rubuta suna ba, lambar da ke bin harufan DOT tana tona shi, domin lambar rajistar mai yin gilashin ce a hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka: DOT 20 ta Asahi ce ta Japan, wato AGC, DOT 459 ta Fuyao, DOT 563 ta Xinyi. Za ka ga harafin E a cikin da'ira da lamba a gefensa, da wata doguwar lamba da ta fara da 43R. Mutane kan ɗauka ƙasar da aka yi gilashin ce, har ka ji ana cewa wannan ɗan Jamus ne saboda E1. Ƙasar da ta gwada samfurin ta amince da shi ce kawai: E1 Jamus, E2 Faransa, E4 Holan, E6 Beljiyam, E11 Birtaniya. Gilashin da aka yi a Sin yana iya ɗaukar E1 ko E4 kuma halastacce ne. Abin da kake nema dai shi ne ko lambobin ƙofofin biyu sun dace da juna.

Ka kuma karanta irin gilashin. A na ƙofa za ka ga TEMPERED ko TOUGHENED tare da AS2, a na gaba LAMINATED tare da AS1. Wasu sababbin motoci suna zuwa da gilashi mai falle biyu har a ƙofofin gaba don rage ƙarar hanya. Ka sauke gilasan biyu zuwa rabi ka dubi bakinsu na sama da kyau. Mai falle biyu za ka ga layi uku, gilashi, siririyar leda, gilashi. Mai falle ɗaya bakinsa sumul yake. In na direba mai layi uku ne, ɗayan kuma sumul, an sa maka mai araha a madadin mai tsada, kuma za ka riƙa jin bambancin a kunnenka a kan babbar hanya. Ka sa farar takarda a bayan kowanne ka kwatanta launi, domin wani yakan fi wani kore ko shuɗi. Ka kuma kankari tambarin da farce. Na gaskiya gasa shi ake yi tare da gilashin ko a sassaƙa shi a jiki, farce ba ya ɗaga shi. Wanda aka buga daga baya don a kwaikwayi na kamfani yakan ɓare, ko ka ga harufansa sun yi kauri sun karkace.

Daga nan sai neman ɓurɓushi. Gilashin ƙofa in ya fashe dubban gutsattsari yake zama, kuma da wuya mai shara ya kwashe su duka. Ka tura kujerar gaba har ƙarshe ka haska cikin layin dogon da take gudu a kai, ka ɗaga darduma, ka duba aljihun ƙofa da tsakanin mazauni da majingina. Ka buɗe ƙofar ka rufe da ɗan ƙarfi kana saurare. In ka ji wani abu na kacau-kacau a ƙasanta, ragowar tsohon gilashin ne a ciki. Wannan yana bukatar a kwashe, domin yana toshe ramukan da ruwa ke fita ta ƙasan ƙofa, ruwan damina ya kwanta, tsatsa ta fara daga ciki inda ido ba ya gani. Samun ɓurɓushi ya nuna fashewa aka yi. Rashinsa gaba ɗaya, tare da fentin da ya bambanta, yana iya nuna ƙofar ce dungurungum aka canja.

Ƙofar ita ce babbar magana, kuma a nan kana bukatar mai gyaran bodi wanda ba ruwansa da dilan. Ka nemi mai na'urar auna kaurin fenti. Fentin masana'anta yakan faɗa tsakanin maikiron 80 zuwa 180 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), ya danganta da kamfani da launi, amma kada ka tsaya kan lambar ita kaɗai. A auna wuri biyar ko shida a ƙofar da ake zargi, a auna wurare iri ɗaya a ƙofar direba, da fenda, da ƙofar baya. In ƙofar direba tana ba da 110 zuwa 130, ɗayar kuma tana ba da 250 ko 300, an sake mata fenti. In wani wuri ya haura 500, akwai foti a ƙarƙashi, wato an buge lotsawa an cike. Ka fito da motar rana ka tsuguna ka kalli gefenta a karkace, daga fenda zuwa baya. Ƙofar da aka sake wa fenti ƙyallinta da laushin fatarta ba sa zuwa ɗaya da na maƙwabtanta. Ka ɗaga robar da ta zagaye ƙofar ka duba ko akwai feshin fenti a kanta ko layin da tef ya bari. Ka sa yatsa ka bi tazarar da ke tsakanin ƙofar da fenda daga sama har ƙasa, ka kwatanta da ɗaya gefen. Game da notunan da ke riƙe da ƙofa, a yi hattara: a masana'antu da yawa ana cire ƙofofi bayan fenti a mayar da su daga baya, don haka ɗan sawun sifana a kansu ba hujja ba ce sai in ya bambanta da na ƙofar direba. In mai gyaran ya cire marfin ƙofar na ciki, akwai leda ko soso da aka manne da baƙin gam don tare ruwa. In a yage take ko an liƙe ta da tef, aikin gaggawa aka yi, kuma ta nan ruwa zai riƙa shiga yana jiƙa darduma da lasifika.

Ka gwada aikin gilashin ma. Ka ɗaga ka sauke sau biyar, kana kwatanta saurinsa da na direba. Kada ya karkace, kada ya yi ƙugi, kuma in motar tana da maɓallin da ke ɗaga shi da taɓawa ɗaya, ya yi aiki. In bai yi ba, yawanci saiti ne ya goge lokacin gyara, littafin motar yana bayanin yadda ake mayar da shi. A sakar masa ruwan tiyo a hankali na minti biyar wani yana zaune a ciki yana kallo, sannan ka hau titi da gudun kilomita 80 zuwa 100 ka saurari ko iska na fito ta wannan gefen.

Kafin ka koma Abuja, ka tara wasu shaidun shekarun motar don kada a ja ka da musu. A jikin kowace taya akwai layin da ya fara da DOT ya ƙare da lambobi huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Taya mai 4023 an yi ta a sati na 40 na 2023, farkon Oktoba ke nan, wanda ya dace da motar Nuwamba. Ka duba huɗun da safaya. A ƙasan bel ɗin kujera akwai ɗan ƙyalle da aka ɗinka, galibi da shekara a kai, kuma na kujerar mai zaman banza ya fi muhimmanci a wurinka, domin bel na cikin abin da ake canjawa bayan haɗari mai ƙarfi. In motar ta kasuwar Amurka ce, ka sa a binciki lambar shasinta a Carfax, shafin intanet da ke ajiye tarihin motoci, a kuma nemi hotunanta a wuraren gwanjo irin su Copart da IAA, domin motocin da ba su yi tafiya ba ma sukan biyo ta can in sun sami rauni a hanya ko ƙanƙara ta dake su. Tunda kuma motar ta yi watanni a tsaye, a gwada batir, kuma ka canja man inji da wuri ko da kilomita ba ta cika ba.

Ga masu karatu da za su fita su duba tasu: wannan ƙirga ta 7 da 13 ita ce ta fi yawa a motocin Turai da na Sin, amma ba doka ce ta tilasta ta ba, kowane kamfani da tsarinsa. Wani taurari yake sawa a madadin ɗigo, wani harafi yake ba kowane wata, wani ƙananan lambobi yake jerawa a haɗa jimillarsu ta ba da wata. In ka ga ɗigo ya haura shida a gefe ɗaya, ka san ba wannan tsarin ba ne. Motocin Japan da yawa, waɗanda su ne suka cika titunanmu, ba su da lambar shekara a fili, wani ɗan mitsitsin ɗigo ake sawa a sama ko ƙasan ɗaya daga harufan tambarin, wurin da ya tsaya shi ne shekara da wata. A irin waɗannan, kwatanta tambarin hagu da na dama ya fi saurin ba da amsa. Kuma lamba ɗaya tana maimaita kanta duk shekara goma: 4 a jikin 'yar Kwatano tana iya zama 2004 ko 2014.

Da a ce gilashin gaba ne baƙon, da maganar ta fi haka nauyi. Shi da gam na musamman ake manne shi a jikin bodi, yana cikin abin da ke tallafe rufi in mota ta kife, kuma a motoci da yawa a jikinsa jakar iskar mai zaman banza ke dogara in ta fashe. Wanda aka manne da silikon ɗin gini yana iya ficewa a lokacin da aka fi bukatarsa. In kuma akwai kyamara a bayan madubin tsakiya, sai an sake saita ta bayan canji, in ba haka ba birkin gaggawa da gargaɗin layi su riƙa kuskure. Naka na ƙofa ne, ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin wannan nauyin.

Shawararmu ita ce kada ka yanke maganar mayarwa sai an auna fenti. In ƙofar ta fito da fentinta na asali, bel da tayoyi sun dace, motarka sabuwa ce da aka canja wa gilashi ɗaya, kuma ba ta cancanci mayarwa ba. Duk da haka haƙƙinka ne a gaya maka tun kafin ka biya. Ka je da hotunan tamburan da na takardar ginshiƙi, ka nemi ganin manaja, ka ce masa cikin natsuwa: an haɗa motar nan a Nuwamba 2023, wannan gilashin an yi shi a Maris 2024, ina son sanin abin da ya same ta da wanda ya gyara. Ka nemi a ba ka amsar a rubuce, a sa maka gilashin kamfani irin na ƙofar direba in wanda ke kai na kasuwa ne, a kwashe ɓurɓushin cikin ƙofa, a kuma rubuta cewa garanti ya haɗa da wannan ƙofar da injin ɗaga gilashinta. Ka tambayi ranar da garantin ya fara da kuma wanda ke ɗauke da shi, kamfanin motar ne ko dilan, domin motar da ba ta shigo ta hannun wakilin kamfani ba sau da yawa alkawarin dila kaɗai gare ta.

In kuwa awo ya nuna an sake fenti ko akwai foti, to motar da aka gyara aka sayar maka a kuɗin wadda ba a taɓa ba. A nan sai ka sa mai awon ya rubuta maka sakamakon da sa hannunsa, ka rubuta wa dilan takarda kana neman canji ko ragin kuɗi mai ma'ana, ka ajiye kwafi tare da rasit da duk saƙonnin da kuka yi kafin ciniki, musamman inda aka ce maka sabuwa ce. In ya ƙi saurare, hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC, tana karɓar irin wannan ƙorafi, kuma hedikwatarta a Abuja take. Kafin nan kada ka sa wa gilasan baƙar leda, kada ka bari kowa ya taɓa fentin ƙofar, kuma ka yi awon cikin satin nan tun kilomitar motar ba ta yi nisa ba.